Kun Zo Yauri, Amma Ba Ku Ƙetara Gungu Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatan gidan rediyonku, na rubuto ne game da shirinku na al'adu na daren Asabar ɗin da ta gabata, kuma ba zan ɓoye maka ba, da ɓacin rai na ɗauki alƙalami. Kai ma ka ji abin da mai gabatarwa ya faɗa bayan an dawo daga talla. Cewa ya yi mutanen gungu masunta ne bayin Allah, waɗanda ke fama da ruwa tun daga farkon shekara har ƙarshenta, ba su da wani abin nishaɗi sai idan ranar Rigata, wato bikin tseren jirage na Yauri, ta zagayo. Ya faɗa yana dariya, abokin hirarsa ya taya shi, daga nan suka zarce zuwa jero sunayen manyan baƙin da suka zauna a rumfa, sai ka ce su ne suka tuƙa jiragen.

Ni Bagunge ne, a gungu, wato tsibiri, aka yanke mini cibiya, a tsakiyar kogin Kwara, kuma na yi shekara 35 ina koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Yauri kafin in yi ritaya. A daren nan ba ni kaɗai nake saurare ba. Gwaggona, wadda yanzu idonta ya yi rauni amma kunnenta garau, tana zaune a tabarma kusa da ni tana jan carbi. Da ta ji an ambaci Gungawa sai ta ajiye carbin, ta ce in ƙara muryar akwatin. Na ƙara. Mai gabatarwa ya ce ga kiɗan mutanen tsibiri nan, sai ga wata waƙa ta fiyano irin wadda ake bugawa a situdiyo, an ɗora mata ƙarar ruwa a baya don a yi mana dabara. Tsohuwa ta yi shiru tana saurare, can ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, wannan kiɗan na waɗanne mutane ne?" Wallahi ban sami amsar da zan ba ta ba. Matar da aka kai ɗakin miji a cikin jirgi, ganguna gaba ganguna baya, ita ce ta kasa gane kiɗan da kuka ce nata ne.

Bari in fara da batun su, tunda da shi aka fara raina mana hankali. Su sana'a ce mai daraja, kuma duk yaron da ya tashi a gungu ya iya jefa birgi ya kamo na miya. Amma kowane ɗan Yauri ya san cewa masu su na gado Sarkawa ne, su ne masu taru da mamari, su ne ke bin giwan ruwa har inda ta shiga. Mu Gungawa, ko Bareshe kamar yadda muke kiran kanmu da harshenmu, manoma ne. Da damina gero da dawa da shinkafa, da rani kuma albasa a bakin ruwa, inda na ga iyayenmu suna ɗebo ruwa da ƙwarya suna bin fangali ɗaya bayan ɗaya tun asuba har rana ta take. Albasar Yauri da ake lodawa a manyan motoci ana kai wa kudu, wani kaso nata mai yawa daga hannun waɗannan mutanen da kuka ce ba su san komai ba sai ruwa yake fitowa. Na tsaya a kan wannan ne domin wasanninmu duka gona suke bi, kuma wanda ya ɗauke mu masunta ba zai taɓa sanin lokacin da ya kamata ya zo ya gani ba.

Lokacin kuwa shi ne bayan kaka. Da zarar an kai hatsi rumbu, sanyi ya fara busawa, sai goron gayyatar kokawa ya fara yawo daga wannan gungu zuwa wancan. A daidai lokacin ne baƙin ruwa yake isowa, wato ruwan da ke tasowa tun daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar, ya iso mana watanni bayan ruwan sama ya ɗauke a nan, ya cika gulbi har jirgi ya iya kutsawa ko'ina. Da la'asar za ka hango jirage suna tahowa a jere, samari a tsaye suna danna gora, makaɗa a tsakiya, kuma tun kafin jirgin farko ya taɓa gaɓa mutanen gari sun riga sun san ko su wane ne, domin kowane gari da salon kiɗansa. A fage kowane ɗan kokawa da takensa. Makaɗi zai kira shi da sunan kakansa da na gungunsu, ya tuna masa wanda ubansa ya kayar a wannan filin, har sai ka ga tsigar jikin saurayi ta tashi ya faɗo fage yana kirari. 'Yan mata kuma suna gefe da gari a ƙoƙo, duk wanda ya yi kaye ko ya burge su sai su ruga su zuba masa a ka da kafaɗu. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa dawowa gida fari fat kamar an tsoma shi a buhu, mahaifiyarmu ta hana shi wanka har gari ya waye, wai sai maƙwabta sun gani da idonsu. Aure nawa ne aka ƙulla daga wannan fage? Dattawa kuma suna tsaye, da sun ga wasa zai rikiɗe ya zama faɗa sai su ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak.

Wannan kokawa ce kawai. Ban yi maganar waƙoƙin daka ba, waɗanda mata ke yi da harshen Reshe taɓarya na amsa musu, inda kishiya kan yi wa kishiya habaici miji yana zaune bai san da shi ake ba. Ban yi maganar waƙar tuƙi ba, wadda ke daidaita filafili goma su shiga ruwa lokaci guda su fito lokaci guda. Ban yi maganar masassaƙa ba, waɗanda ke kallon gungumen maɗaci su ga jirgi a cikinsa kafin su sa gizago. Duk waɗannan ba sa jiran ranar biki, kuma ba sa jiran manyan baƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mu mutane ne da aka riga aka taɓa cire wa abu, saboda haka mun san zafinsa. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwa da ƙauyukan ƙasashen Yauri da Borgu, tsohon garin Bussa ma ruwa ya shanye shi. Ina ɗan shekara 11 aka kwashe mu. Ba na mantawa da kawuna, wanda shi ne makaɗin garinmu, ranar da ake loda kaya. An sa turame da tukwane da awaki, aka zo kan gangarsa ya ce faufau ba za a haɗa ta da kaya ba. A cinya ya riƙe ta tun daga gungu har gaɓa, ya lulluɓe ta da rigarsa don kada ruwa ya taɓa fatar, shi kuwa ya zauna ba riga cikin iska. Da muka isa sabon gari, gidajen siminti ne a jere a kan tudu, babu mashigin jirgi a ƙofar kowa, ƙasar ma ba irin wadda muka saba nomawa ba. Shekarar farko ba a yi kokawa ba, kowa yana ta kansa. A ta biyu dattawa suka sa samari suka share fili a bayan gari, aka ɗebo yashi daga bakin ruwa aka zuba, kawu ya fito da gangar nan. Na ga tsofaffi maza suna share hawaye da hannun riga a wannan yammaci. Har yau akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a tsibiran da ruwa bai ci ba, wasu kuma kan koma su yi noma inda ruwa ya janye, kuma abin da suka riƙe da wannan wahala shi ne aka taƙaita a shirinku da jimla ɗaya da dariya.

Ranka ya daɗe, na ga wakilinku da idona ranar Rigata. Tun da ya zo yana ƙarƙashin rumfa da na'urarsa, yana ɗaukar jawabin wannan da na wancan. Ɗan ƙanena, wanda ke da jirgi mai inji, ya je ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce idan yana so zai ƙetar da shi gungu kyauta ya ji kiɗa daga bakin masu shi, ya dawo da shi kafin magariba. Ya ce lokaci ya ƙure, kuma shi ba ya shiri da ruwa. Tsoron ruwa ba abin kunya ba ne, balle ga wanda ya tuna hatsarin jirgin da ya auku a Wara a watan Mayun 2021, wanda ya cinye rayuka masu yawa, Allah ya jiƙansu. Ban ga laifinsa ba da ya ƙi shiga jirgi. Laifin da na gani shi ne, mutumin da bai ƙetara ba ya koma ya ba da labarin abin da ke ƙetare kamar a can ya kwana. Da ya ce ya ga tseren jirage a Yelwa, babban garin Yauri, ya tsaya nan, da ba ka ga wannan takarda ba.

Kada a ɗauka ina ƙin Rigata ne. Ina zuwa, ina kuma tafawa idan yaranmu suka yi gaba a tsere ko a ninƙaya. Sunan dai na Turawa ne, amma dattawanmu kan ce tushen abin yana komawa zamanin da maza ke fita farautar dorina a jirage riƙe da mashi, kuma ko wannan ba ku tambaya ba. Idan lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya yi, wanda aka faro tun 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kukan je kogin Matan Fada ku nemi Sarkin Ruwa, ku bar masu homa da gora su yi bayani da bakinsu. Idan bikin Uhola ne a Zuru, Dakarkari ne ke magana kuma kiɗansu ake sawa. Haka ya kamata, ba na hassada. Jihar Kebbi masarautu huɗu gare ta, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, to me ya sa idan aka zo kanmu sai a ɗauko wani ya yi magana a madadinmu, a kuma aro mana kiɗa?

Ina faɗin haka ne ina sane da cewa lokaci ba ya tare da mu. Jikokina Hausa suke yi, Reshe sai gaisuwa da sunayen abinci, ni kaina ga shi da Hausa nake rubuto maka. Kawu ya rasu da taken 'yan kokawa da yawa a kansa, babu wanda ya ɗauka a kaset. Gwaggo tana da waƙoƙin kai amarya da ban san wata mai su ba a unguwarmu, kuma ta tsufa ƙwarai. Ku ne ke da na'ura, ku ne ke da wurin ajiya, ku ne ake ji har cikin tsibiran da babu lantarki, inda rediyo mai batir ke rataye a bukka. Kuskuren da kuka yi a Asabar ɗin nan yara sun ji shi, kuma yaro yakan gaskata rediyo fiye da kakarsa.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Shirinku na farashin kayan gona ya daɗe bai ambaci albasa a kasuwar Yauri ba, sai na wasu kasuwanni masu nisa, alhali dillalai suna zuwa su faɗa wa manomi abin da suka ga dama. A duba wannan ma.

Abin da nake nema shi ne a gyara maganar da aka yi kan Gungawa a cikin shirin da aka yi ta, da bakin wanda ya faɗe ta, sannan bayan kaka ku turo wakili ya kwana biyu a gungu. Jirgin ɗan ƙanena yana nan a bakin ruwa a Yelwa, akwai rigar kariya a ciki, ni da kaina zan zauna kusa da shi har mu ƙetara. Ya taho da batir isasshe, domin gwaggo idan ta fara waƙa ba ta son a katse ta.

Wassalam. Naka mai saurare,
Tsohon malamin makaranta,
Yelwa, Yauri, Jihar Kebbi.