Wasiƙa Zuwa Abijan

Tawa, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya kasuwa, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai ƙurar hunturu da ta rufe gari. Inna tana gaishe ka, ta ce a gaishe mata da uwargida.

Saƙonka na WhatsApp sau uku na saurare shi. Na ɗauki waya in maida maka da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin haka, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka ce babban yaronka, mai shekara 17, ya yi wata uku ba barcin kirki, ya bar zuwa lakwal, ya ce maƙwabta na zancensa ta bayan bango, har abincin uwarsa ya daina ci. Ka ce za ka sako shi cikin kar ya taho gida a kai shi ƙauye wajen malam. Don girman Allah ka dakata, ka karanta wannan tukuna.

Ka san Autanmu ya yi rashin lafiya, amma rabin labarin ka sani, don mun ɓoye. Shekarar da zai yi bak, jarrabawar gama sakandare, abin ya fara. Da farko shiru ne kawai, yaron da ba ya rabo da fada ya koma ɗaki. Muka ce karatu ne ya yi masa yawa. Wata rana na shiga na tarar ya naɗe rediyon tsoho da bargo, ya ɗaure da igiya, ya tura ƙarƙashin gado. Na ce mene ne haka? Ya sa yatsa a baki, ya ce in yi a hankali, suna ji. Tun ranar ya kamata mu nemi likita. Maimakon haka sai gida ya rabu, masu cewa jifa ne, masu cewa ya taka iska a bakin tabki. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, gwaggo ta je ta samo ƴan bori a ɓoye, an yanka baƙin bunsuru, an yanka jan zakara. Da ya fara fita da dare yana yawo, sai aka kai shi wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba.

Bayan sati biyar na je ganinsa. Na same shi ƙarƙashin wata aduwa, ƙafarsa ta hagu cikin mari, an haɗa da gungume. Idon sawun ya kumbura, ƙudaje na bin gyambon. Kwanon furarsa na can nesa inda hannunsa ba ya kai, don an ce in ya ƙoshi aljanin ke samun ƙarfi. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, “Yaya, ka taho mini da takalmina?” Hankalinsa a kan tafiya gida yake. Ni kuwa na ajiye masa dabino, na yi sallama da mai gidan, na hau babur na dawo na bar shi. Har gobe in na tuna, barci ƙaurace mini yake.

Shekara biyu muka yi cikin wannan walagigi. Wani majo ne, babban ma'aikacin jinya a likitar unguwarmu, da ya zo wanke masa gyambon bayan mun dawo da shi, ya ja ni gefe ya ce wannan ciwo ne, yana da suna, yana da magani, mu kai shi Yamai. Muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, sama da kilomita 500, ina riƙe da hannunsa har muka isa. Ka san yadda yara ke tsokanar juna da “sai an kai ka Pabiyon E”. To can ɗin muka je, sashen masu taɓin hankali na babbar likitar ƙasa. Tambayar farko da lokotoro ya yi mini ita ce, “Yaushe ya fara?” Da na ce shekara biyu, ya yi shiru ya rubuta. Daga baya ya bayyana mini cewa masu bincike sun daɗe da lura da abu guda a ƙasashe daban-daban: gwargwadon daɗewar da matashi ya yi cikin wannan hali ba magani, gwargwadon wuyar da yake sha kafin ya dawo daidai. Ciwon Auta sikizofireniya ake ce masa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na da shi, wajen miliyan 24 ke nan, kuma a maza ya fi tasowa daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da ƴan kai. Wato daidai shekarun Auta, daidai shekarun yaronka.

Ba zan ɓoye maka ba, maganin ma da nasa wahala. Haldol aka fara ba shi. Cikin kwana goma muryoyin da yake ji suka lafa, ya yi barci, amma wuyansa ya sanƙare, hannu na rawa, yawu na zuba. Inna ta ce a daina, za a kashe mata ɗa. Muka koma, aka rage, aka ƙara masa wata ƙwaya mai sakin jiki, daga baya aka maida shi allurar wata-wata. In haka ta faru da naka, ka koma wurin wanda ya rubuta maganin, kada ka yanke shi da kanka. Irin waɗannan magunguna sun tsufa, tun 1952 aka gwada na farkonsu, Largactil, a wata likita a Paris, kuma yau akwai sababbi. Yanzu Auta na da ɗan shagon gyaran waya kusa da kasuwa, yana sallah cikin jam'i, yana wasa da ƴaƴana. Bak ɗin dai bai sake yi ba. In ya karanta shafi biyu sai ya ce kansa ya cika. Wannan shekara biyun ce ta ci shi, ni haka na ɗauka.

Na san abin da za ka ce, cewa ni malamin lakwal na raina malamai. Wallahi ko kusa. Har yau Inna na tofa masa addu'a kowace asuba, ni ma ina yi. Ai hadisi ne ingantacce cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da na ƙi shi ne mari da bulala da yunwa, da kuma a ce sai an gama da wancan kafin a je likita. A haɗa su rana ɗaya, me zai hana? Tun 1954 wani lokotoro Bayarabe, Thomas Lambo, ya yi haka a Aro kusa da Abeokuta: ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar maganin likita da rana, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A Dakar ma, likitar Fann, an yi makamancin haka zamanin Henri Collomb. Nan Afirka ta Yamma aka yi, tun kafin a haife mu.

Akwai tambayar da nake so ka yi wa yaron, amma ba da tsawa ba. Ka tambaye shi ko yana taɓa tramol ko wiwi. Kada ka ce ɗanka ba ya yi, ni a ajina na sha tsintar fankon tramol mai lamba 225 ƙarƙashin tebur, alhali na likita 50 ne ko 100, kuma yaran gidan mutunci ne. Suna sha don kada su gaji, wasu har faɗuwa suke kamar masu farfaɗiya. Game da wiwi kuwa, an bi samari ƴan soja sama da 45,000 a Suwidin tsawon shekara 15, sakamakon ya fito a 1987: waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba wajen sau 6 a kamuwa da irin ciwon Auta. In ya amsa maka da e, kada ka ɗaga hannu. Ka faɗa wa lokotoro, don shi zai rarrabe ko ƙwaya ce, ko ciwon damuwa ne mai tsanani, ko wani zazzaɓi ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko kuwa irin na Auta.

Ɗaya tambayar ta fi nauyi a baki. Ka zauna da shi ku biyu, ka ce masa ko ya taɓa tunanin ya rabu da duniya. Mu Hausawa tsoron wannan magana muke, muna ganin furta ta kamar kiran ta ne. Masu bincike sun duba, tambaya ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kashe kai na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke ƴan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Kafin nan, piya-piya da maganin ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan, uwarsa ta kulle su.

Tun abin Auta nake karance-karancen nan, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai lissafi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 cikin 7 na ƴan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan cututtuka kafin shekara 14 suke somawa. Ka dubi ƙasarmu, kusan rabinmu ba su kai 15 ba. In na tsaya gaban aji ina kiran suna, sai in riƙa ƙirgawa bakwai-bakwai a zuci. Akwai yarinyar da ta daina magana tun da aka sa mata rana, akwai yaron da ubansa ya tafi Libiya shekara huɗu ba labari. A Zimbabuwe, wani lokotoro Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar likita, zama shida kowane mutum, da aka auna a 2016 aka ga sun fi waɗanda aka bi da su yadda aka saba samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu da muke da fada a kowane lungu, shayi na dahuwa har tsakar dare, ina ma ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni za su zo su zauna a fadodin Tawa su gwada irin wannan da harshenmu, su rubuta abin da suka gani.

Kai kam Allah ya taimake ka, magani na kusa da kai. Likitar masu taɓin hankali ta Bingerville na nan bakin Abijan, ka fi ni sanin hanya. A Buwake kuma akwai ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, mutumin Benin da a da facin taya yake yi, ya kwashe shekaru yana cire wa irin su Auta mari. Kada ka sa yaro cikin kar kwana da kwanaki zuwa inda sai an sake wata doguwar tafiya kafin a ga lokotoro. Ka rufe shago gobe Litinin ka kai shi da kanka, da uwarsa, don ita ta san ranar da ya daina ci. Kada ku yaudare shi da cewa unguwa za ku, ku ce masa za a duba rashin barcin nan, gaskiya ce kuma. Ku rubuta a takarda abin da kuka gani da lokacin da ya fara, a gaban lokotoro mutum mantuwa yake.

Na nemi izinin Auta kafin in ba ka labarinsa. Ya ce in faɗa maka duka, ya kuma ce in yaron ya ɗan natsu a haɗa su a waya, su biyu kawai, ba mu. In kuɗin ordinas ya yi nauyi ka faɗa mini, ina da jikka talatin da na ajiye, zan turo. Zan kira ka ranar Talata bayan isha'i in ji me aka ce.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku haƙurin jinya. A gaida mutanen Tawa na can duka.

Naka amini