Saƙon kwamiti kan abin da ya faru da kuma makomar shirin matasa

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu a duk ƙasar da kuke.

Yawancinku kun ji abin da ya sami ɗan ɗaya daga cikinmu a makon jiya. Ba za mu kama suna ba, wanda ya sani kuma ya kama bakinsa. Wani ne ya yi ta hira da yaron a intanet har suka saba, sannan ya ce a ara masa asusun banki, za a turo kuɗi, yaron ya tura gaba a bar masa ɗan wani abu. Kuɗin na damfara ne. Banki ya rufe asusun, 'yan sanda sun kira shi tare da mahaifinsa. Maganar tana hannun lauya, ba za mu ƙara komai a kanta ba.

Kada kowa ya ɗauki wannan wasan yara. A Birtaniya, misali, doka tana kallon ara asusu irin wannan a matsayin halasta kuɗin haram, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 14, kuma sunan mutum na iya zama a rajistar masu zamba har shekara 6, ya rasa bankin da zai buɗe masa asusu. Yaro ne mai ladabi, mai ƙoƙari a makaranta. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tambaya kafin ya ce to.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne yadda wasu suka yi da labarin. Tun kafin mahaifiyarsa ta share hawaye, hotonsa ya zagaya zaurukan WhatsApp, har da saƙon murya ana dariya ana cewa tarbiyyar gidansu ce. Mun ji muryoyin, mun kuma gane su. Haba jama'a! Cikin masu wannan magana akwai waɗanda muka bi har gida muna roƙon su ba mu awa biyu a wata su zauna da yaran nan, suka ce aiki ya yi musu yawa. Akwai wanda ya miƙe a taro ya ce shirin matasa ɓarnar kuɗi ne, wai yara su je su yi karatu kawai. Yau ga shi yana da lokacin yaɗa abin kunyar ɗan ɗan'uwansa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa; wayar da aka samu yaron nan ta cikinta, irinta ce a aljihun ɗanka da 'yarka.

Shirin nan da muka bari ya mutu, ku tuna me ake yi a cikinsa. Malamar da ke kula da shi takan zaunar da yara biyu-biyu, ɗaya ya zama mai yaudara, ɗaya ya koyi cewa a'a ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da farko dariya suke yi, can sai ka ga fuska ta canza, yarinyar da ba ta iya ɗaga ido ta dubi abokin zamanta ta ce, "Ba zan yi ba, kuma zan gaya wa babana." Akan raba musu takardar albashi ta gwaji, su cire haya da haraji da kuɗin mota su ga abin da ya rage. Sun koyi rubuta takardar neman aiki, da taimakon gaggawa, da yadda ake sasanta faɗa. Ba mu muka ƙirƙiro waɗannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da lissafa dabarun rayuwa guda 10 da ya kamata a koya wa yara, ciki har da yanke shawara, tantance magana kafin a yarda da ita, iya bayyana abin da ke rai, da jure damuwa. Makaranta tana ba da jarrabawa, amma irin waɗannan sai da maimaici a gaban babban da yaro ya amince da shi.

Masu cewa ba a ganin amfaninsa su dubi ƙasar Aislan. A 1998, kashi 42 cikin 100 na yaransu 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Ba wa'azin yini ɗaya suka yi ba. Sun cika wa yara lokacin bayan makaranta da wasanni da kiɗa da sana'o'in hannu ƙarƙashin manya, suka sa dokar hana ƙananan yara yawon dare, suka matsa wa iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu su san abokansu. Shekaru suka ɗauka a kai. Mu kuwa namu bai yi nisa ba muka gaji: kuɗin wata ya daina shigowa, aka kasa biyan hayar zaure, masu sa kai suka zame ɗaya bayan ɗaya har malamar ta rage ita kaɗai. Ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kuma har yau ba mu ji wanda ya kira ta ya ce sannu ba.

Kwamiti ya yanke cewa shirin zai dawo farkon wata mai kamawa, zama na farko a kan kuɗi da damfarar intanet, iyaye su zo tare da 'ya'yansu. Kowane reshe ya ba da mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su tsaya shekara guda cur. Wanda ya san zai zo sau biyu ya ɓace, don Allah kada ya rubuta suna, domin yaro yana lura da babban da ya yi alkawari ya saɓa. Masu sa kai za su bi ƙa'idar tantance masu aiki da yara ta ƙasar da suke. Inda reshe ya yi ƙanƙanta, a sa yara cikin sikawut, ko shirin horar da matasa na Duke of Edinburgh na 'yan shekara 14 zuwa 24, wanda ake yi tun 1956 kuma ya bazu ƙasashe da dama.

Sauran batutuwa:

Kuɗin wata: masu bashi su ga Ma'aji kafin ƙarshen wata. Wanda ke cikin matsi ya faɗa masa a asirce.

Gudummawar kuɗin lauya: ta hannun Ma'aji kaɗai.

Duk wanda ya sake tura hoton yaron ko saƙon murya a kansa, za a cire shi daga zauren WhatsApp ya gurfana gaban dattawa.

Taron intanet: Lahadi, lokacin da aka saba.

Allah Ya fitar da ɗanmu lafiya, Ya ba iyayensa haƙuri. Wassalam.

Shugaba da Sakatare,
a madadin kwamitin zartarwa