Idan mai Tintin ko Asterix ya mutu, wa zai ɗauki alƙalaminsa?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in sa baki a gardamar da take tashi duk sanda sabon littafin Asterix ya shigo kasuwa: shin ya dace a ci gaba da labarin zane bayan mai shi ya kwanta dama? 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun san irin waɗannan littattafai na labarin zane, kamar Asterix na Faransa da Tintin na Beljiyam, BD suke ce musu. Wasu na cewa a bar mamaci ya huta, wasu na cewa ai yara suna jiran ci gaba. A ganina dukansu sun tsallake abin da ya kamata a fara dubawa, wato yadda ake haɗa littafin, da kuma takardar da mai shi ya sa wa hannu.

Littafin Asterix shafi 44 ne na zane, na Tintin kuwa 62 tun daga 1942. Aikin hawa-hawa ne. Marubuci ne ke farawa. René Goscinny, marubucin Asterix, yakan buga nasa da tafireta, ya raba takarda gida biyu: a hagu abin da za a zana cikin kowane akwati, a dama abin da mutanen ciki za su faɗa. Mai zane ya karɓa ya tsara shafi, yawanci jere huɗu, ya yi zanen fensir. Daga nan a bi fensirin da baƙar tawada, a rubuta magana cikin kumfarta, wato da'irar da ake zanawa kusa da bakin mai magana, a ƙarshe a sa launi. Tawada da rubutu da launi duk ana iya ba wani, kuma an saba bayarwa tun masu abin suna raye. Albert Uderzo, mai zanen Asterix, ba ya iya bambance wasu launuka, saboda haka wasu ne ke sa masa, ƙanensa Marcel ma ya yi shekaru yana taya shi. Hergé, mai Tintin, ya buɗe ɗakin zane a 1950, inda irin su Bob de Moor suke zana masa motoci da jirage da gine-gine, shi kuma ya riƙe mutanen labarin.

To ka ga hannu ana koyonsa. Ƙwararren mai zane zai kwaikwayi kaurin layi da girman hanci har mai karatu ya kasa ganewa. Abin da ba a gadonsa shi ne kan mai labari, kuma Asterix ne babbar shaida. Goscinny ya rasu ranar 5 ga Nuwamba 1977 yana da shekara 51, a wurin likita ana cikin gwada masa zuciya. Littafi na 24 yana hannu a lokacin, Uderzo ya ƙi ƙarasawa har sai da kamfanin Dargaud mai buga littafin ya kai shi kotu, littafin ya fito a 1979. Daga 1980 zuwa 2005 Uderzo ya rubuta sababbin labarai takwas shi kaɗai. Zanen bai ragu da komai ba, tunda mai shi ne da kansa. Amma wasan kalmomin Goscinny, wanda kowane suna mai ƙarewa da "ix" ko "us" yake ɗauke da habaici, da yadda yake zolayar Faransawan zamaninsa ta bakin mutanen shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa, duk suka yi ta sirancewa. A littafin 2005 har halittun sararin samaniya aka sauko da su ƙauyen su Asterix, masu karatu suka yi ca. Idan abokin aikin da suka fara Asterix tare tun 1959 bai cike gurbin ba, sai a yi hattara da baƙo.

Ga inda aikin magaji yake lalacewa, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ne. Kowane tsohon labari yana da abubuwan da aka saba gani: a Asterix sai an nutsar da jirgin 'yan fashin teku, sai an hana Obelix, abokin Asterix, shan tsimin ƙarfi, sai an ɗaure bakin mawaƙin ƙauye a walimar shafin ƙarshe. Waɗannan ana iya ƙirga su, don haka su kamfani yake dubawa, magaji kuma yana tsoron barin ko ɗaya. Shafi 44 ba su da yawa. Kafin a biya waɗannan basussuka fili ya ƙare, sabon labarin ya zama ɗan rakiya. Mai abu shi ne yake da ikon karya al'adarsa. Hergé ya yi littafi guda a 1963 wanda Tintin bai bar gida ba kuma babu mugu a ciki, a na 1976 ya cire masa wandon nan mai tsayawa a ƙwauri da aka san shi da shi kusan shekara hamsin. Wane magaji ne zai yi haka a bar shi? Kama da wane ba ta wane.

Ba ina cewa gado ba ya kyau ba ne. Rob-Vel ne ya ƙirƙiro labarin zanen Spirou a 1938, amma zamanin da kowa yake yabo shi ne na André Franquin, wanda ya karɓa a 1946 yana saurayi, ya canza salon zanen, ya ƙaro wata dabba mai dogon wutsiya, Marsupilami, a 1952. Abin lura, Spirou mallakar kamfanin Dupuis ne, kuma an sakar wa Franquin mara ya yi irin nasa. Ba a ce ya zama Rob-Vel ba.

Sai batun wasiyya, wanda a wurina shi ne gaba da komai. Hergé ya faɗa tun yana raye cewa ba ya son wani ya zana Tintin a bayansa. Ya rasu ranar 3 ga Maris 1983, ya bar littafi na 24 a zanen fensir, labarin ya tsaya a daidai inda aka tasa Tintin a gaba za a halaka shi. Bob de Moor yana nan, ya fi kowa sanin hannun, kuma ya so ya ƙarasa. Matar Hergé ta hana. A 1986 aka buga zanen yadda yake, da gogewarsa da gyare-gyarensa. Wannan ita ce hanya mafi tsabta ga aikin da mutuwa ta yanke: a nuna wa mutane inda alƙalami ya tsaya. Charles Schulz na Amurka, wanda shi kaɗai yake zana Peanuts har da rubutun cikin kumfa tun 1950, shi ma ba a ɗora kowa a kan filinsa na jarida ba. Ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 2000, zanensa na ƙarshe ya fito washegari, jaridu suka koma maimaita tsofaffi.

Amma wasiyyar baki ba ta kai takarda ba, kuma Franquin ne abin ya faɗa wa. Ya sha faɗa a hira cewa ba ya son Gaston Lagaffe, wani mutumin labarin zane da ya ƙirƙiro, ya rayu bayansa, sai dai a 1992 ya sayar da haƙƙin mallakarsa ga kamfanin Marsu Productions, wanda Dupuis ya saye daga baya. Ya rasu a 1997. A 2022 Dupuis ya ba da sanarwar cewa wani ɗan Kanada mai suna Delaf zai dawo da Gaston, Isabelle 'yar Franquin ta tashi tsaye. A dokar Beljiyam da Faransa haƙƙi iri biyu ne: na cin moriya, wanda ake sayarwa, da na kare mutuncin aikin, wanda ba a sayarwa, magada ne ke riƙe shi. Da aka je gaban mai sasanci, hukuncin watan Mayun 2023 ya ce kamfani yana iya fitar da sabon Gaston, amma sai an nuna wa 'yar ta duba tukuna. Littafin ya fito a Nuwambar wannan shekarar. Uderzo kuwa da kansa ya canza ra'ayi. Da ya ce Asterix zai tsaya da shi, amma a 2008 ya sayar wa kamfanin Hachette, abin da ya haɗa shi rigima da 'yarsa Sylvie har 2014. Shi da kansa ya sa wa marubuci Jean-Yves Ferri da mai zane Didier Conrad albarka su ci gaba da Asterix, littafinsu na farko ya fito a 2013, shekara bakwai kafin rasuwarsa. Tun daga 2013 duk shekara biyu sai an fitar da sabo a watan Oktoba, ana buga wajen kwafi miliyan biyar. Wannan jadawalin ma abin dubawa ne, don labari ba ya nuna da kalanda.

Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda ya ce kada a ci gaba, a bar masa. Wanda ya yarda ko ya yi shiru, a ci gaba, amma a sa sunan sababbin masu aikin da manyan baƙaƙe a bango, kada a jera littattafansu da lamba ɗaya da na mamacin kamar babu abin da ya faru, kuma a fi ba da ƙarfi wajen neman marubuci a kan neman mai kwaikwayon hannu. Masu zanenmu na gida da suke sa hannu da maɗaba'a su ma su rubuta a fili wa zai iya zana mutanen labarinsu a bayansu, wa zai duba kafin a buga, kuma ainihin takardun zanen hannun wa za su zauna. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana ba da shekara 70 bayan mutuwar mai aiki, daidai da ta Turai, inda haƙƙin cin moriyar Tintin zai ƙare ranar 1 ga Janairu 2054.

Na gode da filin da ka ba ni.

Mai karanta jaridarka kullum,