Wasiƙa daga Toronto

Mutumina,

Assalamu alaikum. Na san kana can kana cewa na zama Bature na manta da mutane. To kai ma ai tun Babbar Sallah ban ji ɗuriyarka ba. Ya jikin Umma? Ƙafar ta sake ta?

Wata damuwa ce ta taso ni. Kantin kayan abincin da nake aiki da yamma ya fara sayar da giyar inabi. Tun ƙarshen Oktoban 2024 gwamnatin Doug Ford ta ba duk kantuna irin namu a lardin Ontario dama, mai kantin ya yi ta jan ƙafa, sai yanzu ya kawo. Ranar farko aka ce in jera kwalabe a kanta. Na tsaya da kwali a hannu kamar an dasa ni. Da na faɗa wa manaja addinina ya hana, ba ta ja ba, ta mayar da ni wajen kayan gwari, amma awannina sun ragu. Mai gidan haya kuwa ba ruwansa. Kuma raina bai kwanta ba, tun da albashin daga aljihu ɗaya yake fitowa. Don Allah ka tambayar min Malam.

Wani abin da zai burge ka, ko kwalba ɗaya ta Amurka babu a ciki. A Maris ɗin 2025 da Trump ya lafta wa kayan Kanada haraji, Ford ya sa hukumar LCBO, wadda kantuna ke sari a hannunta, ta kwashe giyar Amurka kaf. Masu gonakin inabi na Niagara sai washe baki. Rigimar ma tsohuwa ce. A 2015 lardin British Columbia ya ce giyar inabin da aka yi a lardin kaɗai za a jera a kantunan abinci, har Amurka ta kai ƙara Hukumar Cinikayya ta Duniya, WTO, a 2017.

Nan take na tuna ka a 2019 da Buhari ya rufe iyakoki, kana sayar mana da shinkafa 'yar gida har da tsakuwarta a farashin 'yar waje, kana kiran abin kishin ƙasa. Ashe kana da 'yan'uwa a nan!

Af, Yaya ta ce an ga motarka sau uku a layin su wance. Uwargida ta sani kuwa? Ka ba ni labari tun kafin in ji a bakin Gwaggo.

Naka har kullum.