Filin jirgin Kano a Yaƙin Duniya na Biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. In ana zancen Yaƙin Duniya na Biyu, Burma kawai mutanenmu ke tunawa. To, filin jirgin Kano fa? Tun 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, Ingila ta riƙa kai jiragen yaƙi tashar jiragen ruwa ta Takoradi, a Ghana ta yau, cikin akwatuna, a harhaɗa su, su sha mai a Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato Njamena ta yau, har Masar. Dubbai suka bi ta nan. Abin ya tsone wa Jamus ido, har jirginta ya ratso Sahara a Janairun 1942 ya jefa wa rumbun man Fort Lamy bam. Don Allah ku tono mana wannan tarihi.

Naku,
Mai karatu daga Kano