Ina kofin Mambila ya shiga?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na daɗe ina sana'ar shayi a Tudun Wadan Gombe, amma wallahi iyakar sanina da kofi shi ne garin nan na gwangwani da na leda, sai da ƙanina mai karatu a Indonesiya ya zo hutu da tsarabar 'ya'yan kofi daga Gayo, can tsaunukan Aceh a tsibirin Sumatra. Muka daka a turmi muka dafa, ƙamshin kaɗai sai da ya tsayar da 'yan acaɓa a bakin tebur.

Abin da ya fi tsaya min a rai yadda suke gyara shi ne, wai giling basah suke ce masa. Manomi zai tsinko jajayen 'ya'yan ya murje ɓawon da ɗan injin hannu, ya zuba a buhu ya kwana, da safe ya wanke yauƙin ya shanya na ɗan lokaci, tun da danshinsa zai kai wa dillali a casa masa ɓawon ciki kamar dai yadda ake casar shinkafa, sannan a sake shanyawa har danshi ya dawo kusan kashi 12 cikin ɗari. Ruwan sama ne ya koya musu haka, garinsu ba ka samun rana ta kwanaki a jere irin tamu, ga shi kuma talaka yana son kuɗinsa da wuri. Kuma fa mafi yawansu ƙananan manoma ne, ba wasu masu manyan gandaye ba.

Turawan Holan ne suka kai irin kofin tsibirin Jawa na Indonesiya a 1696, a 1711 har an fara lodinsa zuwa Amsterdam, daga baya cutar tsatsar ganye ta cinye na kwari, na kan tudu ya tsira. A 2010 gwamnatin Indonesiya ta yi wa sunan Gayo rajista don kada wani ya ara.

To Malam Edita mu ma ai muna da Mambila nan Taraba maƙwabta, sanyi da hazo da tudu duk Allah ya ba mu, kuma ana noman kofi a can. Amma ni mai sayar da kofi kullum ban taɓa ganin ko mudu ɗaya na Mambila a kasuwar Gombe ba, abin yana min ciwo sosai. Don Allah ku tura wakilinku Gembu, babban garin Mambila, ya zauna da manoman nan ya ji wa ke saye a hannunsu, nawa ake ba su, kuma ta wace hanya zai iso mana.

Naku,
Mai shayi, Tudun Wada, Gombe