Kan shawarar bai wa dattijo maganin barci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na kiwon lafiya na makon jiya, kuma har yanzu raina a ɓace yake saboda amsar da baƙonku ya bai wa baiwar Allahn nan da ta ce mahaifinta yana ihu cikin dare kuma ba ya yarda a taɓa shi. Cewa ya yi rigimar tsufa ce, a nemo maganin barci a ba shi, bai ko tambaye ta abin da idon dattijon ya gani a rayuwarsa ba.

Shekara uku ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da nake yi wa wanka, wadda duk ranar 5 ga Nuwamba, da zarar mutanen ƙasar sun fara harba wasan wuta na bikinsu, sai a same ta a dunƙule bayan kujera, ta toshe kunnuwa, tana kiran mahaifiyarta. Aka rubuta a takardunta cewa fitinanniya ce, aka ƙara mata magani, har jiri ya kayar da ita a banɗaki. Sai daga baya 'yarta ta shaida mana cewa tsohuwar tana da shekara 6 a birnin Coventry a daren 14 ga Nuwamba 1940, lokacin da jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai, aka rasa rayuka fiye da 500. Ta yi aure, ta reni 'ya'ya, ta danne abin a zuciya, amma da mantuwa ta raunana ƙwaƙwalwarta sai firgicin ya dawo ɗanye.

Daga nan muka canja hannu. Ba ma shigar mata ɗaki sai mun ƙwanƙwasa, ba ma zuwar mata ta baya, kuma kafin in ɗora mata hannu nakan tsuguna daidai fuskarta in gaya mata abin da zan yi, in jira ta amince. Idan daren bikin ya zo, tun da yamma ake sauke labule, a kunna mata rediyo, ɗayanmu ya zauna riƙe da hannunta. Da kansa likita ya rage maganin.

Matar da ta kira ku daga Maiduguri ta kira, garin da ya sha ƙarar bindiga da bam tun 2009, wanda kuma ya karɓi dattawan da suka gudo daga Bama da Gwoza a 2014. Ashe wannan bai isa ya sa baƙonku ya yi ko da tambaya ɗaya ba? Ina roƙonku ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa a gyara wannan magana, kuma ku daina katse masu kira da tallace-tallace, domin matar ba ta gama bayani ba aka yanke layin.

Mai sauraronku a kullum,
daga Ingila.